Ni da maigidana za mu zaga tsibirai da jakar goyo, kuɗin kuma ba yawa, a ba mu shawara

Amaryar Bara:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa irin wannan tafiyar ku taimaka mana. Ni da maigidana mun jima muna tara ɗan abin da ya samu saboda burinmu mu je mu ga tsibiran nan na kudu maso gabashin Asiya, amma fa ba irin zuwan masu hannu da shuni ba, jaka ɗaya a bayansa ɗaya a bayana, mu kwana inda ya sauwaƙa mu ci abin da mutanen wurin suke ci. Hutun da zai samu wata ɗaya ne da 'yan kwanaki. To inda gizo ke saƙar shi ne ya tsaro mana hanya doguwa, wai mu fara da Tailan mu gangaro Maleshiya mu shiga Indonesiya mu ƙarasa a Filifin, yace tunda kuɗin jirgin zuwa shi ne babba ai gara a ga komai a tafiya ɗaya. Ni kuma wlh hankalina bai kwanta ba, gani nake kuɗin zai ƙare a hanya mu dawo a galabaice ba wani wuri da muka zauna muka more shi. Mun yi ta ja har na ce bari in kawo maganar nan mu ji ta bakin waɗanda suka gani da idonsu.

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata abin da ranki ya ba ki shi ne daidai, kuma ki gaya wa angon naki ɗan uwansa da ya yi tafiyar nan da iyalinsa ne ya faɗa. Mutane suna zaton masauki da abinci ne ke cin kuɗi a tsibirai, alhali tashi daga nan zuwa can ne ke cinye shi. Ki lissafa ranar tashi guda ɗaya kawai, motar da za ta kai ku tashar jirgin ruwa, tikitin mutum biyu, wasu tashoshin har da kuɗin shiga daban, in kun sauka wata motar, ga abincin hanya da kullum ya fi na cikin gari tsada, sannan daren farko a sabon wuri sai kun biya fiye da ƙima don ba ku san gari ba kuma kun gaji ba ku da ƙarfin yawon neman ɗaki. Ranar ma gaba ɗayanta a zaman jira take tafiya. In kuna haka duk bayan kwana biyu to rabin hutun a tasha za ku yi shi. Amma in kun zauna wuri ɗaya, mai masauki da kansa zai rage muku in ya ji mako za ku yi, kun gane inda abinci ke da araha, kun gane mai kwale-kwalen da ba ya cuta. Indonesiya kaɗai tsibiranta sun haura 17,000, ita ɗaya ta ishe ku har ta yi yawa.

Ɗan Lissafi:
Malam Abu Safwan gsky ban yarda da kai duka ba. Yankin nan ai gidan jiragen sama masu araha ne, daga Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, kamfanin jirgin AirAsia yana zuwa kusan ko'ina, in mutum ya yanki tikiti da wuri wani lokacin ma ya fi doguwar tafiyar mota da jirgin ruwa sauƙi. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa ne ke samun damar komawa karo na biyu? Ni dai ina bayan ango. A tara kuɗi shekara da shekaru a je a ga ƙasa ɗaya a dawo, ai da saura.

Abu Safwan:
Ɗan uwa farashin da kake gani a shafin farko ba shi ne za ka biya a ƙarshe ba. Kilo 7 kawai suke bari ka shiga da shi jirgi kyauta, abin da ya haura sai ka saya masa nauyi, kuma in ka bari sai a filin jirgi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Sannan filin jirgi ba a bakin teku yake ba, daga can ma sai mota sai jirgin ruwa. Bar wannan ma, ƙasa huɗu fa kuɗi kala huɗu ke nan, baht da ringgit da rupiah da peso, duk canjin da ka yi sai an ci wani abu a kanka kuma sai ka bar ƙasar da canjin da ba zai maka amfani a gaba ba. Layin waya huɗu. A Tailan duk lokacin da ka cire kuɗi a ATM da katin waje sai sun cire maka sama da baht 200, ko nawa ka cira. Ga biza, kowace ƙasa da dokarta kuma ya danganta da fasfon da ke hannunka, wasu a filin jirgi ake buga musu wasu kuma sai sun nema tun kafin su taso sun biya sun jira, wannan shi ne abu na farko da ya kamata su bincika a shafin ofishin jakadancin kowace ƙasa kafin su sayi tikitin komai. Kuma da yawa ba za su bar ka ka hau jirgi ba sai ka nuna tikitin fita daga ƙasar.

Mai Kamara:
Ku dakata tukuna, duk kun tsallake babbar tambaya. Amarya wane wata ne za ku tafi?

Amaryar Bara:
Yaya an ba shi zaɓi ne, ko Janairu ko Yuni.

Mai Kamara:
Yawwa, to kin ga nan ma hanyar ango ta samu matsala, don a cikin watannin nan biyu babu wanda ƙasashen nan huɗu suke da kyau a tare. In Janairu ne, ɓangaren Tailan na tekun Andaman, su Phuket da Koh Lanta da Phi Phi, lokacinsu ne, Filifin ma lafiya lau, amma a lokacin tsibiran Bali da Lombok da Flores na Indonesiya suna tsakiyar damina, teku na tashi ana soke jirage, tsibiran Perhentian na Maleshiya kuwa yawancin masaukansu a rufe ma suke daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu. In Yuni ne abin ya juya, Indonesiya ta shiga rani, Perhentian a buɗe ruwa garau, amma Andaman ruwan sama ne daga Mayu har Oktoba, wasu jiragen da ke haɗa tsibiran ma daina aiki suke, Filifin kuma lokacin guguwa ya fara matsowa, ƙasar da guguwar teku wajen 20 ke shiga yankinta duk shekara. Wanda ya tuna ɓarnar guguwar Haiyan a Nuwamban 2013 ba zai ɗauki abin da wasa ba. Ni Filifin ce ta fi kwanta min a rai cikin dukkansu amma ba zan ce ku je a Yuni ba. In da ni ne, Yuni zan ɗauka in yi Indonesiya, don kun riga cunkoson Yuli da Agusta lokacin da Turawa ke hutu ɗakuna su yi tsada.

Hajiya Babba:
Ni fa tun ɗazu karantawa nake raina ba daɗi. 'Yata ke da kike amarya me ya yi zafi za ki goya jaka kina bin tashoshi kina kwana inda ba ki sani ba? An ce min irin masaukan nan na masu jakar goyo ɗaki ɗaya ake zuba gadaje kowa da kowa maza da mata baƙi daga ko'ina. Araha ba ta ado. Ku ƙara haƙuri ku ƙara tari, ko mako ɗaya ne ku je wuri mai kyau mai tsaro ku huta ku dawo da mutuncinku. Kuma shi mijin naki ya kamata ya yi tunani, amana aka ba shi. In ciwo ya kama ki a wani tsibiri da ba asibiti fa?

Ummu Safwan:
Mama Allah ya ƙara girma, damuwarki gaskiya ce kuma tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi komai muhimmanci. Amma maganar ɗakin haɗaka bari in kwantar miki da hankali, ni ce matar Abu Safwan kuma tare muka yi tafiyar, ko sau ɗaya ba mu kwana ɗakin haɗaka ba. Wannan na mai tafiya shi kaɗai ne. Mata da miji in suka haɗa kuɗin gado biyu a can, sau da yawa ya kai ko ya kusa kuɗin ɗaki sukutum a gidan wasu iyali da suke ware ɗakuna a harabarsu suna ba baƙi, ɗaki mai fanka da banɗakinsa a ciki da makullinsa, da safe matar gidan ta kawo muku abin kari. Ni a irin gidajen nan ma na fi samun natsuwa fiye da otal, don matar gida ta san fitarki ta san dawowarki. Abin da dai nake yi, ba ma biya sai na shiga na gani, in buɗe famfo in ga ruwa na zuwa, in ɗaga zanin gado in duba katifa saboda kuɗin cizo, in duba taga ko akwai raga, in gwada sakata. In bai min ba mu yi godiya mu wuce gaba, ba wanda zai ji haushi. Kwana ɗaya ko biyu na farko kawai muke kamawa ta intanet, saura sai mun gani da ido.

Amma Amarya ni abin da nake so in gaya miki ba na ɗaki ba ne. Tafiyar nan za ta haɗa ku awa 24 kullum ba aiki ba kowa sai ku biyu, ga zafi ga gajiya ga kuɗi ƙirgagge, kuma a nan ne ƙaramar magana ke zama babba. Ku zauna tun yanzu ku yanke nawa za ku kashe a rana, ku rubuta, kowane dare mutum ɗaya ya shigar da abin da aka kashe a waya, minti biyu ne. Sannan kowa ya samu ɗan kuɗinsa na kansa da ba wanda zai tambaye shi me ya yi da shi, don wlh ba abin da ke ɓata rai irin ki ga ɗan gyale ya burge ki sai an tsaya ana lissafi a gaban mai kaya. Kuma kowa ya faɗi abu ɗaya da ba zai yi rangwame a kansa ba. Ni na ce banɗaki mai tsafta na mu kaɗai, shi yace duk tsadar fita kallon kifi a teku sai ya je. Da muka san haka sai rigima ta ragu sosai don kowa ya san inda ba a taɓawa. Kar kuma ku yanke wata shawara kuna jin yunwa da jaka a baya, ku samu inuwa ku ci abinci tukun.

Hajiya Babba:
To wannan na ji, Allah ya yi miki albarka. Amma har yanzu ba a ba ni amsar asibiti ba.

Anti Nas:
Hajiya bari in amsa tunda aikina ne. Gaskiyar magana ƙananan tsibirai irin su Gili da ke kusa da Lombok ɗan ɗakin shan magani kawai gare su, in abu ya yi tsanani sai an tsallaka da mutum Mataram a Lombok ko Bali, kuma asibitocin kuɗi na can ba sa wasa da biya. Saboda haka inshorar tafiya ba zaɓi ba ce, ku sa ta cikin lissafi tun farko, ku karanta ku tabbatar ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga tsibiri. Abubuwa uku nake jin tsoro. Na farko babur, don shi ya fi komai kai baƙi asibiti a Bali da Lombok, mutum bai saba ba ya karɓi haya, ga shi a hagu ake tuƙi, ga yashi a kwana, ga iyali a baya. In ba ka da lasin babur da na ƙasa da ƙasa yawancin kamfanonin inshora ba za su biya ko sisi ba in ka faɗi, kuma hular kwano dole ku biyun. Na biyu zazzaɓin dengi, sauronsa da rana yake cizo musamman da safe da yamma, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba sai da man shafawa na korar sauro. In zazzaɓi mai zafi ya zo da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, farasitamol kawai za a sha a tafi gwajin jini, kar a kuskura a sha asfirin ko ibuprofen don suna ƙara haɗarin zubar jini. Na uku ciwon haukan kare, yana Bali tun 2008, in kare ko kyanwa ko biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi allura a ranar, ba a jira a ga abin da zai faru. Ruwan famfo ba a sha. In kuma za ku nausa can gabas irin su Sumba ku ga likita kan maganin rigakafin maleriya kafin ku tashi.

Ɗan Lissafi:
Anti ba musu nake ba amma mutanen da kuɗinsu ƙirgagge ne, inshorar mutum biyu ta wata guda ai kuɗin kwanaki ne masu yawa a can. Yawancin masu zuwa lafiya suke dawowa.

Anti Nas:
Wanda kuɗinsa ƙirgagge ne shi ya fi kowa buƙatarta ƙanina. Mai kuɗi in ƙafa ta karye zai zaro kati ya biya, su kuma fa? A rage kwanakin tafiyar in ta kama, amma wannan kam ba a cire ta.

Baban Yara:
Ni wata shawara zan kawo daban ko za ta yi wa Hajiya daɗi. Me zai hana ku duba Maldibs? Mutane na ɗauka sai attajirai, amma tun 2009 gwamnatinsu ta yarda a buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutanen ƙasar ke zaune, irin su Maafushi, kuma akwai jirgin fito na gwamnati daga Male mai araha ƙwarai, sai dai a hankali yake tafiya kuma ba ya aiki ranar Juma'a. Wuri ne a natse, ba giya a tsibiran mutanen gari, ruwan kuma ba a magana.

Abu Safwan:
Alhaji Maldibs ta yi in mako ɗaya ne. Amma wata guda kuɗinsu ba zai ɗauka ba, kusan komai shigo da shi ake daga waje, ga haraji a kan ɗaki, kuma tsibirin ƙarami ne in ba ka biya an fita da kai teku ba ba abin da za ka yi. Lombok fa? Mutanenta Sasak ne mafi yawansu Musulmi, har kirari ake mata da tsibirin masallatai dubu, ga rairayin Kuta ta kudu da Selong Belanak, ga dutsen Rinjani mai tsayin mita 3,726 ga ƙauyukan da ke gindinsa masu sanyi da gonakin shinkafa, kuma ta fi Bali araha da sarari. Abinci a ƙananan shagunan da suke kira warung, shinkafa da kifi da ganye ka nuna abin da kake so a zuba maka, in kun ga wanda mutanen gari suka cika shi ku shiga nan. A Bali ne dai za ku riƙa tambaya don yawancinsu mabiya Hindu ne kuma naman alade na cikin abincinsu. Ku sani kuma tun Fabrairun 2024 duk baƙon da ya shiga Bali yana biyan harajin rupiah 150,000.

Amaryar Bara:
Yaya Abu Safwan to daga Bali zuwa Lombok ya ake yi? Na ga hotunan wasu jirage masu gudu amma ni ina tsoron ruwa gsky.

Abu Safwan:
Hanya biyu ce ta ruwa. Akwai babban jirgin fito daga Padang Bai a Bali zuwa Lembar a Lombok, wanda ke ɗaukar motoci da manyan kaya, awa huɗu zuwa biyar, dare da rana yana tashi, kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai kuma saboda girmansa bai cika jijjiga ba. Sai ƙananan masu gudu da ke kai mutum Gili kai tsaye cikin kamar awa biyu, kuɗinsu ya ninka na fiton sau da yawa kuma in teku ta tashi mai tsoron ruwa zai sha wuya. Tunda kina tsoro ku hau babban, da safe, teku ta fi kwanciya da safe. Tikiti kuma a hannun ma'aikatan tasha ko wurin da hukuma ta ware, don tun kafin ku sauka daga mota wasu za su kewaye ku suna cewa jirgi ya tashi ko an rufe ofis su ne za su taimaka muku, ku yi murmushi ku wuce, kar kuma ku bar kowa ya ɗauki jakarku sai kun yi ciniki. Haka ma a tashar Bangsal ta Lombok inda ake hawa kwale-kwalen mutanen gari zuwa Gili, shi sai ya cika yake tashi. Gilin uku ne, Trawangan ta masu kiɗa da raye-raye har asuba, Meno shiru kamar ba kowa, Air tsaka-tsaki, ku Air ko Meno za ta yi muku. Ba mota ba babur mai fetur, sai keke da keken doki da ƙafa, kuma kunkurun ruwa kusa da gaɓa za ku gan shi ba sai kun biya kowa ba. Duk jirgin da za ku shiga ku fara neman inda rigunan ruwa suke da idonku, in kun ga an yi lodi ya wuce hankali ku sauka, asarar tikiti ba komai ba ce.

Kuɗi kuma, ATM ɗin Indonesiya za ki ga an manna 50,000 ko 100,000 a jikinsa, ku nemi na 100,000 don ya fi ba da kuɗi da yawa a cira ɗaya. In na'urar ta tambaya ko ta canza muku da kanta ku ce a'a, a cire da rupiah. Ku ciri isasshe kafin ku tsallaka ƙaramin tsibiri, ku raba kuɗin da katunan gida biyu rabi wurinki rabi wurinsa.

Mai Kamara:
Ina so in ƙara abu ɗaya da yake damuna da mu masu tafiyar araha. Neman sauƙi daban, matse talaka daban. Na sha ganin baƙo ya tsaya yana ja da tsohuwa mai sayar da ayaba a kan abin da bai kai kuɗin ruwan da ke hannunsa ba, alhali bai yi ciniki da kamfanin jirgin sama ba. A yi ciniki a kan ɗaki na mako da hayar kwale-kwale, wannan daidai ne su ma sun san da shi, amma abinci da 'yan ƙananan kaya a biya kawai. Sannan wuraren nan suna jin jiki da yawanmu. A 2018 sai da Filifin ta rufe tsibirin Boracay wata shida saboda ƙazantar ruwa, Tailan ma ta rufe gaɓar tekun Maya Bay a shekarar ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022 don murjanin ƙarƙashin tekun wurin ya lalace. Kar a taka murjani, kar a taɓa kunkuru don hoto, a riƙe gora ɗaya ana sake cikawa, akwai wuraren cika ruwa da yawa kuma ya fi araha. A Gili ruwan daɗi ma wahalarsa ake, wani masaukin ruwan wankansa da ɗan gishiri-gishiri, to kar a yi ta ɓarnarsa.

Angon Bara:
Assalamu alaikum, ni ne wanda ake ta shari'arsa tun safe, ta miƙo min wayar na karanta duka. Hajiya na ji maganar amana kuma wlh ta shige ni, na gode. Ni ba wai son wahala nake ba, tun ina makaranta nake ganin hotunan duwatsun El Nido a tsibirin Palawan na Filifin da ƙaton ƙadangaren nan komodo na Indonesiya, shi ya sa da dama ta samu na so in haɗa duka. Lissafin Malam Abu Safwan na ranar tashi na gwada shi a kan hanyar da na zana, na ga kusan rana ɗaya cikin uku a hanya za mu yi ta, wannan kam ban so mata haka ba. Amma Filifin ɗin nan tana min wuyar bari.

Mai Kamara:
Ango na fahimce ka sosai don ni ma El Nido ce ta fara ja na. Amma ka sani daga Puerto Princesa, babban birnin Palawan, awa biyar zuwa shida ne a mota kafin ka kai, garin ya fi yawancin Filifin tsada, kuma duk abin da ka je gani sai an fita da kai a kwale-kwale. A Yuni iskar damina ta fara bugun wannan gaɓar, in teku ta tashi masu gadin teku hana fita suke, sai ka zauna a ɗaki kana biyan kuɗi kana kallon ruwan sama. Ka bar ta sai wani Fabrairu ko Maris in Allah ya nufa. Tsibirin Komodo kuwa in Indonesiya kuka zaɓa ai yana kan hanyarku, daga Labuan Bajo a Flores ake shiga, kuma Yuni lokacinsa ne.

Abu Safwan:
Ƙwarai. Zuwa Labuan Bajo akwai jirgin sama daga Bali awa ɗaya da 'yan mintuna, akwai hanyar ƙasa ta tsibirin Sumbawa, fito daga Kayangan a Lombok zuwa Poto Tano, doguwar mota zuwa Bima, sai wani fiton daga Sape, ita ce mai araha amma tana cin jiki. Akwai kuma jiragen katako da ke kwashe kwanaki daga Lombok ana kwana a kansu, su kam ingancinsu ya bambanta ƙwarai kuma da mai tsoron ruwa ban ba ku shawara ba. In kun fasa ƙasa uku, abin da kuka tsira da shi ku sa a jirgin sama na wannan zangon. Kuɗin shiga gandun Komodo daban yake da na kwale-kwale, ku tambaya a fayyace muku kafin ku biya. Sannan kwana biyun ƙarshe ku yi su a tsibirin da jirginku na komawa zai tashi, kar ku ce za ku tsallako da safe ku hau jirgi da yamma, rana ɗaya teku ta hana fita tikitin ya tafi.

Ɗan Lissafi:
Ni dai har yanzu da ni ne da na saka ko Maleshiya ce a ciki tunda ta Kuala Lumpur za a bi. Amma na yarda ƙasa huɗu ta yi yawa.

Hajiya Babba:
Ni ban ce na yarda da goyon jakar nan ba fa. Amma tunda kun nace, ku yi inshorar da Nas ta faɗa, kar ka ɗauke ta a babur in ba ka iya ba, kuma kullum ku sanar da wani naku sunan masaukin da kuke da jirgin da za ku hau. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Amaryar Bara:
Amin Mama, mun ɗauka insha Allah. Mun tsaya a kan Yuni, 'yan kwanaki a Bali, mu daɗe a Lombok da Gili Air, sai Flores. Gobe zai fara bincikar maganar biza kafin komai. Anti Ummu Safwan saura tambaya ɗaya, wace irin jaka zan saya kuma kaya nawa zan ɗiba?

Ummu Safwan:
Mai cin lita 40 ta ishe ki, wadda take da maɗauri a ƙugu don nauyin ya sauka daga kafaɗa, ki gwada ta a bayanki da kaya a ciki kafin ki biya. Kayan sawa marasa nauyi masu saurin bushewa na kamar kwana biyar, don ko'ina akwai masu wanki da kilo suke auna kaya ki kai yau ki karɓa gobe. Takalmi ɗaya na tafiya da silifas, zani ɗaya babba zai miki tawul ya miki mayafi ya miki shimfiɗa, sai ƙaramar jakar roba da ruwa ba ya shiga ta fasfo da waya saboda wani wurin a cikin ruwa ake sauka daga kwale-kwale. Maganin amai na tafiyar ruwa ki sha shi kamar rabin awa kafin ku hau, in an riga an tashi bai cika yin aiki ba.